Tsakanin jaridun Aminiya da Triumph, wacce za a yarda da ita kan labarin Kano?

Malam, in ɗaya za ka ɗauka tsakanin biyun nan, ɗauki Aminiya. Ita nake karantawa.

Abin da ya sa na amince da ita lokacin rusau ne, a 2023, da gwamnatin Abba ta fara rushe gine-gine a filin Idi da wasu wurare. A majalisarmu ta bakin shago akwai masu jar hula, akwai kuma mutanen Ganduje, kowa da zafinsa. Labari ɗaya muka karanta. Mai jar hula ya ce an ba 'yan kasuwa fili da yawa suna kuka, ɗan uwansa na ɗaya ɓangaren ya ce an bar kwamishina yana ta wanke gwamnati. Har aka tashi salla ba su daidaita ba. Ni kuwa na ce jaridar da ta ɓata wa su biyun rai a shafi ɗaya ta yi aikinta, tunda ta ji ta bakin kowa, ta faɗi sunan mai magana da muƙaminsa.

Ban ce ba ta da nata son ran ba. Ta kamfanin Media Trust ce, masu Daily Trust, kuma da idon Arewa suke kallon ƙasar nan. Kamfani ne mai neman talla, gwamnoni kuma suna cikin manyan masu sayen shafi. Sai dai ba gwamnan Kano ke biyan editanta albashi ba.

Triumph kuwa gwamnati ce ta kafa ta a 1980 zamanin Abubakar Rimi, gwamnati ce ta rufe ta a 2012 zamanin Kwankwaso, wata gwamnatin ta sake buɗe ta. Tana da amfani in sanarwar naɗe-naɗe ko buɗe aiki kake nema. Amma rikicin sarauta, tun daga tuɓe Sarki Sanusi a 2020 zuwa mayar da shi a 2024, ba wurin mai gida ɗaya zan je in ji shi ba.

Ka gwada da kanka: ɗauki labari ɗaya, ka duba ko an tuntuɓi wanda ake zargi, ko akwai sunan wakilin da ya rubuta, ko kuwa "majiya mai tushe" ce daga sama har ƙasa.

Sannan a kula da masu sayarwa, musamman a danja. Wani zai miƙo maka ta jiya a naɗe, kafin ka duba kwanan wata an ba da hannu. Kada ka biya kuɗin wata gaba ɗaya ga wanda ba shi da tebur a wuri sananne. A Facebook ma akwai shafukan bogi masu ɗora tambarin jarida a kan ƙarya, in ba ka ga labarin a shafin jaridar na ainihi ba, kada ka turo mana shi nan.