Tiyon ban-ruwa mai ɗigo, abin da na gani a gonar attaruhu da tumatir

Masu tambaya a kan baƙin tiyon nan siriri da ake shimfiɗawa a kan kunya yana ɗiga a gindin shuka, to na yi rani da shi a 'yar gonata ta wajen Kura kuma gaskiya ya biya ni. Kayan ba yawa, tanki ne da babban bututu da filta mai tace ruwa sai su tiyon masu huji duk bayan santimita 30, ka ɗora tankin a kan dakali mai ɗan tsayi ruwa ya gangaro da kansa, inji cika tanki kawai zai yi ka kashe shi, fetur ya yi auki sosai.

Amma maganar ruwa ce ta fi taɓa ni wallahi. Mun saba a cika fangali maƙil, wani rana ta shanye wani ya nutse ya wanke takin da ka saya da tsada ya kai shi inda saiwa ba ta isa, ga ciyawa tana ta samun na banza. Da wannan gindin shuka kaɗai ke jiƙa, tsakanin kunya a bushe, ciyawa ta ragu. Kuma ruwan nan da muke malalarwa ba namu ba ne mu kaɗai fa, daga Tiga yake, tun da aka gama dam ɗin a 1974 aka ƙara da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamun Hadejia da Nguru ta ja baya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman can su suke ɗanɗanawa, wannan abin yana damuna ƙwarai.

Matsalar tiyon nan toshewa. Ruwan kanal akwai laka, in ba ka wanke filta kullum hujin zai cushe sai dai ka ga wani layin ya yi yaushi, ɓeraye ma suna huda shi in ƙishi ya kama su, mai arha kuma rana ke busar da shi ya tsattsage, gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai kauri. Kuɗin farko da ɗan nauyi, ba zan ɓoye ba.

Mai kayan miya da kankana ya saya, ya fara da ƙaramin fili tukuna kuma kar ya yarda a sayar masa ba filta.