Wane log za ka saya wa wayar inbatarka?

A damunar bara wani maƙwabcina a Unguwar Rogo, nan Jos, ya kira ni wai canjobarsa (akwatin da ke sauya layin wutar gida) na warin ƙonewa. Da na buɗe, sai ga wayar alminiyam da ta sauko daga fol an cusa ta cikin log na jan ƙarfe (log shi ne kan ƙarfen da ake sa wa waya, mai bututu da baki mai rami don a ɗaure ta), an buge da guduma. Bakin ya yi fari kamar an barbaɗa toka, robar ta narke. Wayar lafiyarta lau, kan da aka sa mata ne ya ci amanarta.

Log iri uku za ka tarar a shagunan kayan wuta wajen Taminus: na jan ƙarfe, na alminiyam, da mai ruwa biyu wanda 'yan kasuwa ke kira bayimetal.

Na jan ƙarfe shi ne na wayar batir da inbata. Mai kyau za ka gan shi fari, don an shafe shi da kuza saboda tsatsa (mu 'yan Jos ai ba a yi mana bayanin kuza). A nan jabu ya fi yawa. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu: jan ƙarfe ba ya kama shi, in ya manne to baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Ka kankare gefe da wuƙa ka ga launin ciki, ja ake so, ba rawaya ba. Ka kuma auna biyu a tafin hannu. Mai siririn bango ba shi da nauyi, kuma shi ne ke tsagewa wajen matsewa. Inbata mai batir 24V da ke ɗauke da wat 2,400 tana jan amfiya 100 ko fiye, wannan ba wutar da za a bi da ita ta gwangwani ba ce.

Na alminiyam sai wayar alminiyam, a wurin da abin da za a ɗaura shi ma alminiyam ne. Ba kasafai kake buƙatarsa a gida ba.

Bayimetal ya fi su tsada, amma shi ne maganin matsalar maƙwabcina. Bututunsa alminiyam, bakinsa jan ƙarfe. Ƙarafan nan biyu in sun haɗu kai tsaye ga danshi, alminiyam ne ke cinyewa, mahaɗar ta saki, zafi ya taru. Damunar Jos kuwa ba ta wasa. Man da ke cikin bututun kada ka goge shi, aikinsa hana iska taɓa wayar.

Sai lamba. In ka ga 35-10 a jikin log, wayar 35mm² yake ɗauka, raminsa na ƙusa mai 10mm. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, ɗauki na 50, zai shiga." Zai shiga, amma ba zai riƙe ba. Kada kuma ka yarda a yanke silin waya don ta shiga ƙarami.

Ƙananan wayoyi masu laushi da ke shiga bireka, ferul (ɗan siririn bututun da ake matse wa bakin waya) ya ishe su.

Matsewa kuma da injin matse log mai haidirolik ake yi, haƙorinsa daidai da lambar log ɗin. In mai aikinka ba shi da shi, ya aro. Bayan ya matse, ja wayar da ƙarfinka a gabansa kafin ya rufe ta da robar da ake ƙyasta wa wuta ta tsuke.