Sharhi kan kunshin kayan gyaran bulowar Detroit Diesel 6-71

Janaretan da ke juya injinan casar shinkafarmu yana ɗauke da tsohon injin Detroit Diesel 6-71, ɗaya daga jerin injinan da kamfanin General Motors na Amurka ya fara ƙerawa a 1938, aka kuma daina yin su a 1995. Da baƙin mai ya fara tsiyaya ta bututun da ke zubar da dattin akwatin iska, hayaƙin salansa kuma ya koma shuɗi-shuɗi, sai muka sayi kunshin kayan gyaran bulowa (na'urar da ke hura wa injin iska), irin wanda wasu kamfanoni ke yi a madadin na asali, muka damƙa wa wani dattijon makanike da ya daɗe yana taɓa waɗannan injina. Injin ya ci kakar bana yana aiki da kayan, don haka ina ganin lokacin yin magana a kansu ya yi.

Bulowa a wannan injin ba kayan ƙarin ƙarfi ba ce. Injin mai bugu biyu ne, ba shi da bawul ɗin shigar iska, sai ƙofofi a jikin silif (bututun ƙarfen da fistin ke gudu a cikinsa), saboda haka bulowar ce ke tura iska ta kori hayaƙi ta cika silinda, kuma idan babu ita ko tashi ba zai yi ba. A jikinta kuma gwamna (na'urar da ke daidaita gudun injin) da famfon gas da famfon ruwa suke samun juyi. Haɗarin da ya hana mu jinkiri shi ne, idan oyil-sil ɗinta (zoben da ke hana baƙin mai zurarewa) ya mutu sosai, injin yana iya shan baƙin mansa ya yi ta gudu babu birki, ko an rufe masa gas ba zai tsaya ba sai an toshe iska.

Abin da ke cikin kunshin ya gamsar da ni ta fuskar boris da oyil-sil da gasket. Boris mai ƙwallaye layi biyu na ɓangaren giya ya zauna daram, na gaba ma haka, gasket ɗin kuma ramukansa sun dace ba tare da an sa wuƙa ba. Inda kunshin ya gaza shi ne wajen shim, wato siraran washa da ake sakawa a bayan giya. 'Yan kaɗan aka zubo, masu kauri sun fi yawa, babu kuma ko takarda guda mai nuna tazarar da ake nema, alhali a kan waɗannan siraran ƙarafa aikin gaba ɗaya ya rataya.

Dalili kuwa, rota biyu da ke cikin bulowar na alminiyam ne, kowace da fiffike uku a murɗe, suna gudu kusan ninki biyu na gudun injin, kuma ba a yarda su taɓa juna ko bangon gidansu ba. Giya biyu da ke bayansu ne kaɗai ke riƙe wannan tazara. Taimin ɗin bulowa ba shi da alaƙa da karanshaf. Daidaita rota ce da 'yar uwarta. Haƙoran giyar a karkace suke, shi ya sa ƙara shim a bayan giya ɗaya yake ɗan juya rotarta: shim mai kaurin inci 0.003 yana matsar da ita kimanin inci 0.001. Littafin gyaran injin yana neman tazarar inci 0.002 zuwa 0.006 a gefen da rotocin suka fi kusantar juna, kuma wasan haƙoran giya idan ya wuce inci 0.004, giyar ta gama yayi.

Na tsaya na ga yadda makaniken ya yi wannan aiki, kuma a nan na san kuɗin aikinsa bai yi yawa ba. Ya daidaita gurbin da aka tsallake a tsagin sandar rota da na cikin giya, ya haɗa alamun da aka buga a haƙoran giyoyin, ya cusa tsumma mai tsabta tsakanin rotocin don kada su juya, sannan ya ɗaure. Daga nan ya zura dogon filageji (siririn ƙarfen auna tazara) ta bakin shigar iska da ta mafita, a kusa da kowane ƙarshe da kuma tsakiya, fiffike bayan fiffike, yana rubuta abin da ya samu da alli a jikin benci. Duk lokacin da awon bai yi ba, sai ya zare giyoyin biyu a tare da fula (ƙarfen zaro giya) guda biyu, domin karkacewar haƙoransu ba ta bari a cire ɗaya a bar ɗaya. Da shim ɗin kunshin suka kasa kai shi inda yake so, sai ya ɗauko tsofaffin da ya cire, waɗanda tun farko ya ɗaure na kowace giya daban da waya.

Ya kuma nuna mini zane-zanen da ƙura ta yi a jikin rotocin, ya goge tsinin da suka tashi da lallausan sanfefa, ya ce matatar iska ce ta yi sakaci lokacin hunturu, abin da babu kunshin da zai magance.

Tun bayan gyaran tsiyayar mai ta ragu ƙwarai, ko da yake wanda ya san Detroit ya san ba ya rabuwa da ɗan jiƙewa. Hayaƙi ya washe, injin yana tashi da sassafe ba tare da wahala ba, kuma da muka buɗe bakin bulowar don dubawa ba mu ga sabon gogayya a rotocin ba. Zan sake sayen irin wannan kunshi, amma da sharaɗin in nemi shim na inci 0.002 da 0.003 daban, in kuma tabbatar giyoyin da rotocin suna da sauran rai kafin in biya, tunda babu su a ciki. Wanda makanikensa ba shi da dogon filageji da littafin gyara, gara ya sayi bulowar da aka riga aka gyara aka auna.