Ƙara wa rediyon CB na gida zango: eriya, kebul ko amfilifaya, wanne za ka fara saya?

Mai rediyon CB (rediyon magana tsakanin mutum da mutum ta iska) a gida, wanda yake son ya riƙa jin direbansa na tankar ruwa a hanya, ko yaron da ke tsaron garken tumaki a wajen Bahra, tsakanin Jidda da Makka, da zarar murya ta fara yankewa abin da ke faɗo masa a rai shi ne ƙarin wat. Sai ka gan shi a kasuwar Haraj yana cigiyar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin siginar da ake aikawa. A ganina ita ce ta ƙarshe a layi, in ma za a saye ta. Kuɗinka sun fi amfani a saman rufin gida.

Tukuna dai maganar hukuma. A Saudiyya na'urar aika saƙo ta iska tana ƙarƙashin hukumar sadarwa ta CST, wadda a da ake kira CITC kafin a sauya mata suna a 2022. Ka tabbatar wajensu cewa samfurin da kake so an amince da shi, kuma kai kanka ka cancanci lasisi, tun kafin ka biya ko riyal ɗaya. Mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ya san abin da ƙaramar matsala da hukuma ke jawowa, kuma eriya mai tsawon mita 6 a kan rufi ba abin ɓoyewa ba ce. Idan haya kake, mai gida ma sai ya sani.

Rediyon CB yana aiki ne a 27 MHz, tashoshi 40 daga 26.965 zuwa 27.405, kuma tsawon igiyar siginarsa kusan mita 11 ne. Daga wannan mita 11 ɗin ake yanko tsawon kowace eriya. Ta rubu'i, wato kusan mita 2.7, ita ce doguwar bulalar da ake gani a motocin masu shiga sahara. A gida tana aiki in an yi mata ƙafafu uku ko huɗu a gindi, amma ita ce mafi rauni. Ta rabi tana kai kusan mita 5.5, irin su Solarcon A99 mai rigar fiba. Sai ta biyar bisa takwas mai kusan mita 7, kamar Sirio 827 ta alminiyam ko Imax 2000.

Masu shago za su tura ka ga mafi tsayi, kuma gaskiya tana kwantar da sigina ƙasa-ƙasa zuwa inda motoci suke, maimakon ta watsa shi sama. Sai dai ratar da ke tsakaninta da ta rabi ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta ma'aunin ƙarfin eriyar 9 dB ko fiye, alhali eriyar rabi a lissafi ba ta wuce kusan 2 dBi ba. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin ta rabi a kan turke mai mita 10 da ta biyar bisa takwas a maƙale da katangar rufi kusa da tankin ruwa, ta rabin zan ɗauka ban yi shawara da kowa ba. Tsayin wurin da aka kafa ta ya fi tsawon ita kanta muhimmanci, kuma dole gindinta ya haura tanki da dish da ɗakin matakala.

Garin da kake zaune ma yana da ta cewa. Jidda fili ce, sigina na tafiya, amma iskar teku mai gishiri tana cin mahaɗan alminiyam da kusoshi, sai ka ga eriyar da ta yi kyau bara ta fara gardama bana. A can fiba ta fi kwanciyar hankali, ko kuma ka yarda za ka riƙa hawa kana gogewa kana shafa man hana tsatsa. Makka kuwa duwatsu ne suka kewaye ta. Wanda gidansa ke cikin kwari a Misfala ko Jarwal, dutsen da ke bayansa ba ya jin wat 4, ba ya jin wat 100. Maƙwabcinsa da ke kan tudu da ƙaramar eriya zai fi shi nisa, kuma babu abin da shago zai sayar masa ya gyara wannan sai ƙarin tsayi. A fili, tsakanin gida da mota, kilomita 15 zuwa 25 abu ne mai yiwuwa da kayan kirki. Duk wanda ya yi maka alkawarin magana kullum daga Jidda zuwa Makka, tafiyar kilomita 70 da ɗoriya, da wat 4, ciniki kawai yake nema.

Akwai eriyar Yagi mai sanduna uku, wadda ke tattara ƙarfi wuri guda kamar ka ninka shi sau uku ko huɗu, a aikawa da karɓa duka. Tana da kyau ga wanda wuri ɗaya tak yake nema, misali daga gida zuwa garke a Jumum. Amma faɗinta ya haura mita 5, tana kama iska sosai, kuma dole a kafa sandunanta a tsaye, domin eriyar mota a tsaye take. Wanda direbobinsa ke yawo gabas da yamma ya manta da ita.

Kebul shi ne inda aka fi yin asara ba a sani ba. Siririn nan RG-58 da ake haɗowa da rediyon mota, a tsawon mita 30 yana cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin kafin ya isa eriya. RG-213 mai kauri yana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu, LMR-400 kuma wajen kashi 15 cikin 100. Asarar nan zuwa da dawowa ce, muryar da ke shigo maka ita ma ana rage ta. Idan tsakaninka da rufi bai wuce mita 10 ba, RG-58 mai kyau ya isa. Idan kana hawa na ɗaya a bene mai hawa huɗu, sayi mai kaurin. Kebul ɗin dish kuwa bar shi inda yake, shi 75 ohm ne, rediyonka 50 yake so. Araha ba ta ado a nan: akwai na jabu da ragar cikinsa ba ta cika ba, don haka ka ce a fere maka baki ka gani da idonka. Zafin ranar yankin nan na Hijaz yana fasa rigar kebul, saboda haka a bi da shi ta inuwa ko cikin fayif, a naɗe mahaɗin kebul da eriya na waje (PL-259) da tef mai hana ruwa da ƙura.

Mitar SWR, wadda ke nuna ko eriya ta dace da rediyo, ba ta da tsada, kuma ba na ganin hujjar kafa eriya babu ita. Ka auna a tasha ta 1 da ta 40. In lambar ta fi yawa a ta 40, eriyar ta yi tsawo, a rage kaɗan. In ta fi yawa a ta 1, a ƙara. Ƙasa da 1.5 ya yi, 2 za a iya zama da shi, 3 kuma ka saki makirfo ka nemi matsalar kafin ka ƙona rediyon.

Shi kansa rediyon, na AM da FM duk wat 4 ne a ƙa'idar Amurka da Turai, mai tsada da mai araha. Abin da ke kawo bambanci na gaske shi ne salon aika murya na SSB, wanda aka yarda masa wat 12 kuma yake matse murya a siririyar hanya, ta yadda ake fahimtar magana a inda AM ta zama shuu kawai. President McKinley da Uniden Bearcat 980 suna da shi. Sharaɗin shi ne ɗaya ɓangaren ma ya kasance da SSB, kuma direba ya iya murɗa maɓallin gyaran murya, in ba haka ba sai ka ji shi kamar ta hanci yake magana. Rediyo biyu ke nan za ka saya, ka sa wannan a lissafi.

Yanzu amfilifaya. Daga wat 4 zuwa 100 ninki 25 ne, amma a allurar sigina ta wanda ke sauraronka bai wuce hawa biyu da ɗan kai ba, domin kowane hawa ɗaya sai an ninka ƙarfi sau huɗu. Kuma ba ta ƙara maka ji ko kaɗan. Ka zama kamar kurma riƙe da lasifika: yaron garke yana jin ka sarai, yana amsawa da wat 4 ɗinsa, kai ba ka jin komai. Ga shiga cikin sifikun maƙwabta, ga saɓa ƙa'idar lasisi. Idan wata rana da hantsi ka ji muryar Italiya ko Turkiyya rangaɗaɗau, ba kayanka ne suka yi ƙarfi ba. Sigina ne ke dawowa daga saman sararin samaniya, abin da ke ƙaruwa da raguwa bisa zagayen hawa da saukar ƙarfin rana na kusan shekara 11, wanda ya kai ƙololuwa a wajen 2024. Ba a dogara da shi wajen kiran Bahra.

Sau da yawa ma matsalar ji ce, ba ta aikawa ba. Ƙananan fitilun LED, cajar waya ta jabu, inbata ta sola da wasu na'urorin sanyaya ɗaki duk suna zuba ƙara a 27 MHz. Gwajin kyauta ne: haɗa rediyon da batirin mota, ka kashe wutar gidan daga babban makunni. Idan ƙarar ta faɗi, ɓarawon yana cikin gida, sai ka riƙa kunna layi ɗaya-ɗaya har ka kama shi. Na'urar ba da wuta mai 13.8 V ita ma a zaɓi wadda aka yi don rediyo.

Wajen kafawa, nisan turken da wayar lantarki ya zama aƙalla ninki biyu na tsawon turke da eriya a haɗe, a ɗaure shi da igiyoyi ta ɓangare uku, a ja masa waya mai kauri zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Ruwan Jidda da Makka ba kullum ba ne, amma in ya zo da iska da tsawa yake zuwa, don haka da ka ga hadari ya haɗo ka cire kebul daga bayan rediyon.