Littafin hotunan Berengo Gardin: hotuna sun yi, ɗaurin littafin ya ɓata su

Na ba shi tauraro uku, kuma biyu daga ciki na mai ɗaukar hoton ne, ba na maɗaba'a ba.

Wanda ya san aikin Gianni Berengo Gardin, mai ɗaukar hoto ɗan Italiya, ya san abin da zai nema da ya buɗe: hotunan 1968 na asibitocin masu taɓin hankali a Italiya, irin na garin Goriziya, waɗanda ya ɗauka tare da mai ɗaukar hoto Carla Cerati don taya likita Franco Basaglia yaƙin da ya kai ga dokar 180 ta 1978, wadda ta rufe waɗannan gidaje. To a nan ne aka yi ɓarnar.

Fim ɗin kyamarar Berengo Gardin, ƙirar Leica, milimita 24 a 36 ne, wato hoton kwance ya fi tsayinsa faɗi da rabi. Littafin kuwa a tsaye yake. Maimakon su rage hoton ya zauna a shafi guda, sai suka baje shi a shafi biyu. Da ɗinkin zare aka yi, da ya buɗe sosai, babu komai. Gam aka sa. Kusan santimita guda na tsakiyar hoton ya shige cikin ɗauri, kuma daidai nan fuskar wani majinyaci take. Mutumin da ya shiga wurin don a ga fuskokin waɗanda aka ɓoye, an sake ɓoye masa su! In ka danna da ƙarfi, gam ya tsage, shafi ya fita.

Hotunan birnin Benis na Italiya sun fi samun sa'a. Na jirgin ruwan haya na 1960, mai inuwar fasinjoji a gilashi, ya fito tsaf, har na fara tunanin ƙara tauraro.

Sai na koma baya na duba baƙin launin hotunan. Da alama tawada ɗaya aka buga, ba baƙi da toka-toka biyu da ake yi wa hoton baƙi da fari ba, shi ya sa rigunan duhu suka dunƙule ba a ganin ninkinsu. Takardar ma mai sheƙi ce, tana riƙe zanen yatsa.

Berengo Gardin, mutumin da ya riƙa buga hatimi a bayan hotunansa cewa ba a taɓa su da kwamfuta ba, bai cancanci wannan ba. Kafin ka biya, ka ce a buɗe maka tsakiya ka ga ko akwai zare.