Bu'us, Hayyul Ashir ko Darrasa: ina ɗalibin Azhar zai sauke jakarsa a Alƙahira?

Da zarar yaro ya samu gurbi a Azhar, tambayar farko da ake yi a gida ita ce nawa ne kuɗin haya. Ni kuwa nakan ce a fara bincika inda tsangayarsa take, domin a Alƙahira tafiyar da ba ta kai ta kawo ba a taswira takan cinye maka fiye da awa guda cikin cunkoso. Gida mai arha da ke nesa da aji, kuɗin mota da gajiya ne za su rama wa mai gidan.

Azhar ba harabarta ɗaya ba. Usuluddin, Shari'a da Lugga na maza suna Darrasa, unguwar da ke dab da tsohon masallacin Azhar da Faɗimiyyawa suka fara ginawa a 970. Likitanci, injiniyanci da sauran fannonin da aka ƙara bayan dokar sake fasalin Azhar ta 1961 suna Madinat Nasr, can ma harabar mata take.

Wanda ya zo da minha, wato tallafin Azhar, kada ya yi wasa da Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya. Ga ɗaki, ga abinci, ga 'yan uwa daga Kano, Damagaram da Kumasi da za su nuna masa hanya, kuma Darrasa ba nisa. Sai dai akwai doka: lokacin rufe ƙofa, ɗaki da wanda ba kai ka zaɓa ba, da cin abin da aka dafa ko ranka bai so. Ga sabon zuwa da bai iya ammiyya, Larabcin titi na Masar, ba, ban ga abin da ya fi ta ba a shekarar farko.

Mai biya wa kansa yawanci Hayyul Ashir yake nufa, a ƙarshen Madinat Nasr. Mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su kama shaƙƙa, wato sashen gida a bene, su yi girkinsu, wani lokaci har tuwo da miyar kuka idan wani ya dawo daga gida da guzuri. Matsalarta ɗaya ce babba: metro, jirgin ƙasa na cikin birni, ba ya shiga can. Kullum kana cikin ƙaramar bas, kana miƙa kuɗinka hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, idan ka zo sauka ka ɗaga murya ka ce “ala gamb ya usɗa”, wato “tsaya gefe, direba”, in ba haka ba ya wuce da kai. Haya ma ta tashi tun da yaƙin Sudan na 2023 ya turo jama'a birnin, sannan aka karya darajar fam, kuɗin Masar, a Maris 2024.

Darrasa kuwa ta mai son karatun zaure ce. Ka fito daga lungu da littafinka, ka zauna gaban malami a ruwaƙi, wato zauren karatu na masallaci, ba ko sisi, ka tsaya cin ful da ɗa'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Masar, a hanyar dawowa. Gidajen tsofaffi ne, benaye ba lif, wasu bangon na tsattsafo da sanyi. Duk da haka, in tsangayarka nan take, ni nan zan zaɓa.

Wanda zai yi Jami'ar Alƙahira a Giza ko Jami'ar Ain Shams lissafinsa daban: ya nemi gida kusa da tashar metro kawai. Layi na 1 tun 1987 yake aiki, na 2 yana tsayawa a bakin Jami'ar Alƙahira, na 3 ya bi ta Abbasiyya. Ana biya gwargwadon yawan tashoshi, kuma akwai taragun mata zalla a tsakiyar jirgin. Motocin haya na Uber da inDrive a bar su sai dare ya yi ko ana ɗauke da kaya.

Kafin ka biya ko kwabo, ka sani simsar, dillalin gida, yana da ladansa, mai gida zai karɓi ta'min, wato kuɗin ajiya, bawwab mai gadin bene shi ma yana jiran nasa duk wata. Kada ka yarda da cinikin baki. A rubuta yarjejeniya, don sau da yawa ana nemanta wajen yin iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Ka kunna na'urar dumama ruwa da hannunka ka ga tana aiki, ka kuma duba ko tagogi na rufuwa sosai. Sanyin Janairu a can ya fi hunturun Kano cizo, kuma cikin ɗaki ya fi waje.