Shafin CWGC: inda na sami sunan ƙanen kakana bayan shekara tamanin

A gidanmu akwai wata tsohuwar akwatin ƙarfe da kakana ya dawo da ita daga yaƙin Bama (ƙasar da yanzu ake kira Myanmar) a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tun rasuwarsa Gwaggo ce take riƙe da makullinta. A ciki akwai littafinsa na sallama daga aikin soja, da lambar yabo ta tagulla mai siffar tauraro wadda aka bai wa waɗanda suka yi yaƙi a Bama, da wata takarda da ta yi ja saboda tsufa, mai ɗauke da lambar sojan ƙanensa. Su biyu suka tafi, shi kaɗai ya dawo. Abin da muka taso muna ji bai wuce cewa ƙanen ya mutu a dajin Bama ba, babu wanda ya san ranar, balle a yi maganar kabari. Wannan ne ya kai ni shafin intanet na hukumar Commonwealth War Graves Commission, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, kuma ina ganin ya dace in faɗi abin da na tarar, domin gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da irin wannan akwati.

An kafa hukumar a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, bisa jagorancin Fabian Ware, kuma tana kula da kaburbura da allunan tunawa na mutum kusan miliyan 1.7 a ƙasashe sama da 150. Ga Yaƙin Duniya na Biyu, tana lissafa wanda ya mutu a bakin aiki tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947. Wajibi ne mai bincike ya fahimci wannan tun farko, domin kundin na matattu ne kawai. Na gwada sa sunan kakana, ban sami komai ba, kuma haka ya kamata, tun da shi ya dawo gida ya rayu har ya ga jikokinsa. Hukumar ba ta ajiye takardun tarihin aikin soja, saboda haka mai neman labarin tsohon sojan da ya dawo da rai, ba nan ne wurinsa ba.

Binciken kyauta ne, kuma shafin yana buɗewa a waya ba tare da cin data mai yawa ba. Akwai gurbin suna, da na lambar soja, da na runduna, da na ƙasar da aka binne mutum ko aka rubuta sunansa. Wahalar tana wajen suna, kuma asalinta tun daga teburin akawun da ya ɗauki mutanenmu aikin soja ne. Bature ko akawunsa yakan rubuta abin da kunnensa ya ji, sai Muhammadu ya koma Momodu ko Mamadu, Abdu ya zama Audu, Abubakar kuwa yana iya fitowa ta fuska uku ko huɗu. Sannan a maimakon sunan uba, galibi sunan gari ake liƙa wa mutum, shi ya sa idan ka rubuta Kano ko Sokoto ko Zaria a gurbin sunan mahaifi, za ka ga jerin sunaye yana ta zubowa kamar ana kiran rajista a fareti. Na daɗe ina kallon wannan jeri kafin in ci gaba, domin kowane layi ɗan wani gida ne da aka jira har aka gaji. Na shafe dare biyu ina juya sunan ƙanen kakana ta kowace hanya ban dace ba, sai da na koma kan lambar da ke jikin takardar nan, nan take sakamako guda ɗaya tak ya fito. Shawarata ga kowa ita ce ya fara neman lambar soja kafin ya taɓa shafin, ko a tsohuwar wasiƙa ko a takardar da aka aiko wa iyali.

Abin da shafin ya ba ni gajere ne: muƙaminsa farabiti (wato ƙaramin soja marar igiya), bataliya ta 7 ta rundunar Najeriya a ƙarƙashin dakarun Afirka ta Yamma, ranar da ya rasu a cikin 1944, da lambar fuskar bangon da sunansa yake a kai a Dandalin Tunawa na Rangun. Wannan dandali yana cikin maƙabartar yaƙi ta Taukkyan, arewa da birnin da yanzu ake kira Yangon, kuma yana ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba. Ke nan shi ma ba shi da kabarin da aka sani, amma sunansa yana sassaƙe a jikin dutse.

Lambar bataliyar ce ta buɗe mini sauran labarin. An haɗa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a Najeriya a 1943, ta 82 ta biyo baya, kuma mafi yawan dakarunsu sun yi yaƙi ne a yankin Arakan, inda ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan, har aka kame garin Myohaung a watan Janairu 1945. Amma bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, waɗanda suka haɗu suka zama birged ta 3, an cire su an haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su da jiragen sama a bayan sahun Japanawa a 1944 domin su datse hanyoyin kawo musu kayan yaƙi. Sau nawa na wuce ta gaban barikin Chindit a Zariya ban san sunan yana da nasaba da jinina ba. Haka barikin Dalet a Kaduna, shi ma sunan wani wuri ne a Arakan da sojojinmu suka yi gumurzu. A wancan zamani Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta.

Wannan ne ya sa nake ganin babban giɓin shafin shi ne kasancewarsa da Turanci zalla, alhali ɗimbin mutanen da ke cikinsa da Hausa aka yi musu fareti. Dattijon da ya fi kowa buƙatarsa ba zai iya amfani da shi ba sai da ɗan jagora. Haka kuma gurbin ƙarin bayani, inda ake rubuta wa sojan Ingila sunan iyayensa da matarsa da garinsu, a mafi yawan sunayen mutanenmu da na duba babu komai a ciki, saboda tun asali sojojin mulkin mallaka ba su damu da tattara wannan ba. Ita kanta hukumar ta amsa cewa an yi rashin adalci. Rahoton da ta fitar a 2021 ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunansu ba ko ma ba a tuna da su ba sam, kuma ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa. Saboda haka wanda kakansa ya tafi yaƙin Kamaru ko na Gabashin Afirka a wancan yaƙi na farko, musamman idan ɗan dako ne, kada ya ɗauka rashin ganin suna yana nufin labarin gidansu ƙarya ne.

Shafin yana ba da damar sauke takardar shaida kyauta, mai ɗauke da suna da muƙami da ranar rasuwa da hoton wurin. Na kai shagon buga takardu aka fitar mini da ita aka lulluɓe ta da leda, na kai wa Gwaggo na karanta mata da Hausa. Ta yi shiru tana shafa takardar, sannan ta ce, "Ɗan nan, ashe har ranar an sani, Baba ya rasu yana tambaya." Ta sa na lissafa mata watan Musulunci da ranar ta faɗo a ciki domin a riƙa yi masa sadaka da addu'a, sannan ta buɗe akwatin ta ajiye takardar kusa da tauraron yayansa.